Ƙafa a Kan Matashi, Kunne a Fadama

Shekaru da dama aikina a kan babur yake. Malamin gona ne ni a wata ƙungiya mai taimaka wa manoman shinkafa. Ofishinmu yana Sama Road, amma ban cika ɗumama kujerarsa ba. Da na yi sallar asuba na sha kunu, sai in ɗaure takalman roba a bayan babur, in bar Unguwar Rogo, in bi ta Dundaye in gangara fadama. Can nake yini cikin laka tare da manoma, in tsuguna in duba ganye, in tona saiwa, in murza ƙasa a hannu. Rahoto kuwa da baki nake bayarwa. In na dawo da la'asar sai in tsaya a kan wani abokin aikina in zayyana masa abin da na gani, shi ya san yadda zai zuba shi a kwamfuta.

Wannan abokin aiki Bakano ne, sa'ana, mutum mai son guga da turare, wanda aiki ya kawo Sakkwato har ya zauna. Ina kiransa ɗan ƙarƙashin fanka, yana kirana ɗan taɓo. Ba mu taɓa samun saɓani ba, sai dai kowannenmu a ransa yana ganin shi ne ke ɗauke da ofishin a ka.

A farkon noman rani na wata shekara, ana tsakiyar dashen shinkafa, ina dawowa daga fadama na shiga wata kwana da yashi ya malale a kanta. Babur ya zame, ya faɗo a kan ƙafata ta dama. Ƙwauri ya karye wuri biyu. A asibiti aka yi mini aiki aka sa ƙarfe, likita kuma ya ce zan yi watanni ban taka ba, maganar babur kuwa in ajiye ta gefe tukuna.

Bayan an sallamo ni, shugabar ofishinmu ta zo dubiya. Hajiya ce mai shekaru, ba ta da yawan magana. Ta gaisa da matata, ta yi mini addu'a, sannan ta gyara zama ta ce, "Malam, manoma sun riga sun yi dashe, ba za su jira ƙafarka ba. Kai ma ba na son ka kwanta haka kana ƙirga azara. Musaya za ku yi da abokinka. Shi zai riƙa zuwa fadama, kai ka riƙe teburinsa daga nan."

Na ce, "Hajiya, ni fa abin da na iya a kwamfuta bai wuce kunnawa da kashewa ba."

Ta ce, "Shi ma bai san shinkafa ba sai a faranti. Ku koya wa juna."

Washegari Bakano ya iso da laftof da wata 'yar na'urar intanet da ba ta fi sabulu girma ba. Ya zauna a bakin katifa ya nuna mini yadda ake shiga mitin na bidiyo, da guruf ɗin waya da aka buɗe wa manoma da ma'aikata, da wani babban jadawali da ke kan intanet wanda kowa a ofis ke iya rubutu a cikinsa daga inda yake. Yana magana ina gyaɗa kai, amma rabin abin ta bayan kunnena yake wucewa. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce ko zan ara masa takalman roba. Matata ta ɗauko masa. Ya riƙe su da yatsa biyu kamar an ba shi mushen kaza.

Makonnin farko ba su yi kyau ba. Mutumin da ya saba rana ta fito masa a kan hanya, yanzu ga shi kwance, ƙafa a kan matashi, ba abin kallo sai silin. Matata malamar firamare ce, da safe take fita tare da yara, gida ya yi tsit. Sai in ce bari in ɗan runtsa kafin in buɗe kwamfuta, in farka hantsi ya dubi ludayi. In na buɗe ta kuma, sai 'yan dubiya su fara sallama. 'Yan'uwa, maƙwabta, abokan mahaifina na kasuwa, kowa da doguwar gaisuwarsa da labarin wani da ya taɓa karyewa. Ba a korar mai dubiya. Sai in rufe laftof in tura ta ƙarƙashin zane, mu yi ta hira har azahar. Daga nan zafi ya sauko, a ɗauke wuta, kwamfuta ta yi ta huci har ta mutu. Yini ya ƙare ban ƙulla komai ba, ga gajiya kamar na yi huɗa.

Ranar da abin ya kai maƙura, na shiga jadawalin nan zan gyara sunan wani ƙauye, ban san abin da na taɓa ba, sai na ga rubutun mutane duka ya ɓace. Fili fetal. Na kira Bakano yana fadama, ina jin ƙarar injin ban ruwa a bayansa. Na ce masa na kashe ofis. Ya yi dariya har da tari, sannan ya bi da ni mataki-mataki zuwa inda ake dawo da abin da aka goge. Rubutu ya dawo daram. Amma ni raina bai dawo ba. Na ajiye waya na juya fuska ga bango.

Haka matata ta dawo daga makaranta ta same ni, da singiletin da na kwana da ita. Ta ajiye jaka ta tsaya tana dubana.

Ta ce, "Maigida, ƙafa ce ta karye ko kai duka?"

Na ce aikin nan ba nawa ba ne, gobe zan kira Hajiya in ce ta nemi wani.

Ta ce, "To, ka kira ta. Amma ni ban ga ka gwada ba tukuna. Da kana zuwa fadama, da singileti kake tafiya? Wa ya taɓa tare ka da hira da hantsi? Yanzu don aikin ya shigo ɗaki sai ya zama ba aiki ba?"

Na kwana ina juya maganarta a rai. Da asuba na ce ta taimaka mini in yi wanka. Na sa kaftani mai guga, na ɗora hula. Na sa aka fitar da ni daga uwar ɗaka zuwa ƙaramin ɗakin da ke kusa da zaure, inda sabis ya fi ƙarfi ta wajen taga. Wani kafinta maƙwabcinmu ya haɗa mini ɗan tebur mai gajerun ƙafafu da ke tsallake cinya. Ƙarƙashin laftof na kifa kwandon roba don iska ta riƙa ratsawa. Na roƙi yayana, wanda ke sayar da hatsi a kasuwa kuma maganarsa ke da nauyi a unguwa, ya shaida wa mutane a masallaci cewa na gode da zumunci, amma likita da aiki sun sa dubiya ta koma bayan la'asar. Na ji tsoron za a ce na yi girman kai. Wasu sun ce. Yawanci kuwa sun gane, har ma hirar yamma ta fi daɗi, don hankalina yana wurin.

Ba agogo na bi ba wajen tsara yini, salla na bi da zafi. Manoma da sassafe suke aiko saƙon murya kafin su shiga gona, don haka da na idar da asuba su nake fara saurare. Aikin da ke buƙatar kwamfuta kuwa dole in gama shi kafin rana ta take, tun batir yana da rai kuma ɗakin bai zama tanda ba. Tsakanin azahar da la'asar nake motsa ƙafa yadda likita ya koya mini, ina cije leɓe. Akwai ranakun da na karya tsarin, ciwo ya hana ni, ko kasala ta rinjaye ni. Abin da na hana kaina shi ne in bar rana biyu su lalace a jere.

Koyon kwamfutar da yatsa ɗaya na fara shi, kamar kaza na tsattsagar tsaba. Duk abin da ya shige mini duhu sai in tara shi, in Bakano ya dawo daga fadama ya kira ni ta bidiyo, ya nuna mini fuskar kwamfutarsa ina bin sa a tawa. Shi ma da nasa tarin. Manoma suna yi masa dariyar Kananci. Ran nan ya tambayi wani dattijo ko ya yi barci lafiya, aka ce masa nan kwana ake yi, barci sai Kano. Ya faɗa rami har gwiwa, rana ta ƙone masa wuya. Mun daina kiran juna sunayen tsokana ba tare da mun yi shawara ba.

Akwai wani manomi da ya tsaya mini a rai tun ina asibiti. Dattijo ne daga wani ƙauye bayan Dundaye, manomin gero da dawa tun kakanni, bai taɓa shuka shinkafar rani ba. Ni na yi ta binsa har ya yarda ya karɓi fili a fadama a wannan shekarar, bisa alkawarin zan tsaya masa daga dashe har yanka. Ga shi tun ba a je ko'ina ba na ɓace masa.

Wata safiya na buɗe waya na tarar da muryarsa.

"Malam, ina kwana, ya jiki? Allah shi ba ka lahiya. Shinkahwar ga da ka sa ni ta hwara bushewa ta tsakiya. Mutumin naku ya ce yunwa ta, in ƙara taki. Ni dai ban gane mi ka damun ta ba. Da kana nan da ka duba."

Na saurari saƙon na sake saurara. Bakano ya turo hotuna, amma sabis na fadama ba shi da ƙarfi, hoto ɗaya ne ya iso, shi ma dishi-dishi. Kore da ɗan ruwan ƙasa a tsakiya, shi ke nan. Da ina wurin, kafin a ƙifta ido na san ko mene ne. Hannuna zai kai ga shukar da kansa. A nan na gane cewa duk shekarun nan hannuna ne ke aikin, bakina bai taɓa faɗin yadda ake yi ba, don ba a taɓa tambayarsa ba.

Na kira Bakano na ce ya je gonar dattijon, ya tsaya a inda abin ya fi tsanani, ya kira ni. Kafin ya isa na sa hannu na zaro tsinken tsintsiya da ke jingine da bango. Na rufe ido ina murza shi, ina bin abin da yatsuna ke yi in sun kama shinkafa marar lafiya, ina neman kalmar kowane motsi.

Da ya kira, bidiyo ya ƙi tsayawa, muka koma murya zalla. Na ce ya buɗe lasifika don dattijon ya ji.

Na ce, "Ganyen ƙasa, tsofaffin, kore ne ko sun yi rawaya?"

Ya ce, "Kore ne shar."

"To ba yunwa ba ce. Yunwa daga tsofaffin ganye take farawa. Nemi tushe ɗaya da ganyen tsakiyarsa ya bushe. Kama busasshen da yatsa biyu, can ƙasa, ka ja a hankali. Kada ka fizga."

Na ji motsin ruwa da numfashinsa. Ya ce, "Ya zare. Ko ƙarfi ban sa ba."

"Kai gindinsa hanci."

Na ji ya shinshina. "Wari yake, kamar abin da ya ruɓe."

"Yanzu tuge karan da ya fito daga ciki, ka tsaga shi da farce daga ƙasa zuwa sama."

Sai na ji muryar dattijon kusa da waya. "Ga ta nan. Tsutsa ta, hwara. Ashe irin wadda ka shiga karan gero ta."

Na ce, "Ita ce, Baba, 'yar'uwarta ce. Kada ka ƙara taki yanzu, in ka ƙara ita ka yi wa gata."

Na bayyana musu yadda za su bi layi-layi su cire duk karan da ya kamu su fitar da shi daga gonar su ƙone, da yadda za su duba ganye su murƙushe ƙwan malam-buɗe-littafin da ke haifar da ita. Na ce Bakano ya zagaya gonakin da ke maƙwabtaka ya ga ko ta bazu, kafin mu yanke ko za a yi feshi. Da ya dawo da bayani, ni na shigar da shi jadawali da hannuna, na rubuta wa Hajiya taƙaitaccen rahoto. Kafin la'asar ta ba da izini a fitar da magani daga sito don gonakin da abin ya yi yawa. Ranar ne karo na farko da na rufe laftof na ji a jikina cewa na yi aiki.

Daga nan na ɗauki wata al'ada. Kowace safiya sai in ɗauki murya gajeriya a kan abu guda, in tura guruf: yadda ake gane ruwa ya yi yawa, yadda launin ganye ke nuna abin da shuka ta rasa, lokacin da ya dace a cire ciyawa. Da Sakkwatancina nake yi, yadda zan faɗa in muna tsugune a kan kunyar gona. Wata murya sai in ɗauka in goge, in sake, har sai na tabbata wanda bai taɓa gani ba zai iya bi da hannunsa. Manoma suka fara tura wa 'yan'uwansu na wasu ƙauyuka. Sai ga tambayoyi daga mutanen da ban taɓa taka garinsu ba.

Nan kuma wata matsalar ta ɓullo. Da can kasala ce ta kusa kayar da ni, yanzu aikin ne ya ƙi ƙarewa. Waya ba ta shiru. Ina cin tuwo ina sauraren saƙo, ɗiyata tana nuna mini aikin makaranta ina cewa ta jira. Matata ta yi haƙuri har ta gaji. Wata rana ta ajiye mini kwano ta ce, "Da kana zuwa fadama mun fi samunka. In ka dawo, ka dawo ke nan. Yanzu kana gida, amma ba ka nan."

Wannan karon ban yi musu ba. Na aika saƙo guruf na ce daga kiran magariba wayata ta aiki tana hutawa sai asuba, in abu na gaggawa ne a kira abokin aikina, shi ya san yadda zai same ni. Da an kira salla sai in miƙa wa matata wayar ta sa a aljihun tebur na ɗakinta. Kwanakin farko hannuna ya yi ta lalube a gefen katifa. Ban taɓa tashi na tarar da wata gona ta mutu don ta jira ni zuwa safe ba.

A hankali ƙafa ta fara karɓar nauyi. Na tashi daga katifa zuwa kujera, daga sanduna biyu zuwa ɗaya. Ran da na taka zuwa masallacin unguwa da ƙafata, tsofaffi suka yi ta sa albarka. Amma da na koma asibiti, likita ya duba hoton ƙashin ya gaya mini gaskiya: ƙafar ta haɗe, sai dai ba za ta jure doguwar tafiya a babur kan hanyar fadama ba, kuma tsugunno mai tsawo ya ƙare mini. Na fito na zauna a benci na daɗe. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ina son fadama, ina son sanyin laka a tafin ƙafa da ƙanshin shinkafa in ta fara fitar da kai. Amma da labarin nan ya zo mini a watan farko, da na ɗauka rayuwata ta aiki ta ƙare. Yanzu kuwa ina zaune a bencin ina tunanin saƙonnin da ke jirana.

Na kira Hajiya na gaya mata. Ta ce dama tana neman hanyar da za ta roƙe ni in ci gaba a haka, don ma'aikatan da ke wasu ƙananan hukumomi sun fara dogara da ni, kuma abokina ya ce shi ba ya son komawa tebur.

Lokacin yanka, ofis ya ba da mota aka kai ni fadama. Direba ya tsaya a kan tudu inda hanya ta ƙare. Na fito da sandata na tsaya a bakin gangara, na auna ta da ido, na san ba zan iya sauka ba. Ƙasa can fadama ta yi ruwan zinariya, mutane sun duƙa da lauje. Na hango Bakano a cikinsu da malafa, ya yi baƙi ya rame, wandonsa a naɗe. Ya yi nisa da kira, sai na ciro waya na buga masa. Na ga ya miƙe, ya shafa hannu a riga, ya laluba aljihu.

Na ce, "Ɗago kai ka dubi tudu."

Ya ɗago, ya ɗaga mini laujen. Sannan ya juya ya yi wa wani magana. Dattijon nan ne. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ɗauki dami ɗaya ƙarami, ya fara hawowa a hankali yana dafa gwiwa. Da ya iso ya tsaya yana haki, ya dube ni daga hula har ƙafa.

Ya ce, "Malam, ka yi ƙiba."

Na ce, "Zama ne, Baba."

Ya miƙo mini damin. Na zari zangarniya ɗaya na murza a tafin hannu, na hure ƙaiƙayi, na ciji ƙwaya. Ta cika, ta bushe daidai. Na gaya masa kada ya bar ta ta kwana a ƙasa mai laima, ya ce ai ya ji wannan a waya tun shekaranjiya. Muka zauna a inuwar mota, ya fara tambayata ko filin da ke gefen nasa zai yi albasa in an kwashe shinkafa, na ce ya ɗebo mini ƙasar wurin in gani.